Lissafin Maman Biyu

A wata ikilisiyar ECWA da ke gefen garin Kafanchan, in aka ce Mama Shugaba kowa ya san wadda ake nufi. Ita ke jan ragamar Zumuntar Mata. Allah ya ba ta murya: in ta ɗauko waƙa, masu tulu da caki suka karɓa, har tsofaffi masu ciwon gwiwa sai sun miƙe. Ta iya wa'azi, ta iya addu'a. Aibinta ɗaya ne, ba ta sakin aiki. Da aka canja wa mijin ma'aji wurin aiki suka koma Abuja, sai Mama Shugaba ta ce za ta riƙe kuɗin kafin a yi zaɓe. Aka shekara ba a yi zaɓen ba.

Ana haka aka shiga 2023. Babban Bankin Najeriya ya riga ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, ga shi a daidai lokacin ne mata ke tara kuɗin sabon zanen zumunta. Wannan ta kawo 'yan canji, waccan ɗanta ya tura ta waya zuwa asusun Mama Shugaba, wata kuma ta zo da wake a ƙulle ta ce a sayar a rubuta mata. Mama Shugaba ta rubuta wasu a bayan ambulan ɗin baiko. Wasu kuwa ta ce sai ta koma gida.

Ranar Talatar da aka zauna jin rahoto, naira 38,000 suka yi ɓatan dabo. Ba wadda ta ce mata ɓarauniya. Mata dai suka yi shiru, suna gyara ɗaurin kallabi, ita kuma tana ta juya takardu, zufa na keto mata.

Daga can bencin baya aka ji wata murya. "Mama, ki gafarce ni, in sa baki?"

Maman Biyu ce, gwauruwa mai tuyar ƙosai a kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekarunta nawa a zumunta, ba a taɓa jin ta ɗauko waƙa ba, balle ta yi addu'ar buɗe taro.

"Matar mai gadi ta ba ki 5,000 ranar da tsohuwar nan ta faɗi a ƙofar majami'a. Nan take kika miƙa wa mai keke ya kai ta asibiti. Waken nan mudu takwas ni na saya, kuɗin kika haɗa aka sayi shinkafa da sabulu na gaisuwar mutuwa a gidan dattijo."

Haka ta yi ta jero su, rana da suna da abin da aka yi da kuɗin, matan da ta ambata suna gyaɗa kai. Kafin a tashi, abin da ya rage ba a gano ba naira 1,500 ne kacal.

Washegari da sassafe Mama Shugaba ta je yi mata godiya. Ba ta samu bakin magana da wuri ba, don 'yan acaɓa sun kewaye kaskon. Sai ta zauna a kan benci tana kallo. Hannu ɗaya na zuba ƙullu a mai, ɗayan na ba da canji, baki kuma na cewa, "Kai, ɗana, na Juma'a 300, da na yau 200, ya zama 500, sai yaushe?" Babu littafi, babu alƙalami, kuma ba wanda ya yi gardama.

"Maman Biyu, ina so ki zama ma'ajinmu."

Ta yi dariya har ta kusa sakin matsami. "Haba Mama! Ni da na tsaya a aji uku? Baiwa ai taku ce, masu waƙa da wa'azi. Ni ƙosai na sani."

Maganar ta soki Mama Shugaba, domin ta san inda matar ta koyi wannan tunani. Sau nawa ta tsaya a gaban mata ta buɗe Romawa sura 12, inda Manzo Bulus ya jera hidima da bayarwa da jinƙai a sahu ɗaya da koyarwa? Sau nawa ta ba da labarin Dokas ta garin Yafa, wadda ɗinkin riguna ya sa gwauraye suka yi kukan rashinta, da Lidiya 'yar kasuwa da ta sauki manzanni a gidanta a Filibi? Amma in an zo rabon aiki, masu murya take kira gaba. Wa'azinta na faɗin abu ɗaya, jadawalinta na koyar da wani. Mata kuwa jadawalin suka gaskata.

"'Yar'uwa," in ji ta, "wanda ya ba ni maƙogwaro shi ya ba ki kai. Jiya nawa bai fitar da ni ba, naki ne ya fitar da ni."

A taron shugabanni wata malamar makaranta mai ritaya ta ƙi amincewa a ba Maman Biyu ma'aji. Ta ce kuɗin jama'a ba a ajiye lissafinsu a ka. In ta kwanta ciwo fa? Gaskiya ta faɗa, kuma Mama Shugaba ba ta ɗauke ta a matsayin 'yar hassada ba, yadda shugabanni da yawa kan yi wa mai faɗa musu gaskiya. Aka haɗa Maman Biyu da wata ɗaliba ta Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ita tana faɗa, yarinya tana rubutawa. Aka buɗe wa zumunta asusun banki mai sa hannun mutum uku. Malamar da ta yi gardama kuwa, Mama Shugaba ta roƙe ta ta riƙa koya wa Maman Biyu karatu da rubutu kowace Asabar da yamma. Ta yi ƙorafi, sannan ta sayo littafin rubutu da kuɗinta.

Rahoton farko bai yi kyau ba. Maman Biyu ta tsaya a gaban mata, takarda na rawa a hannunta, ta karanta layi biyu ta sarƙe. Wasu 'yan mata suka fara ƙunshe dariya. Mama Shugaba har ta yunƙura za ta karɓi takardar, don abin da ta saba ke nan. Sai ta koma ta zauna, ta ce, "Ajiye takardar, ki faɗa mana yadda kike faɗa wa 'yan acaɓa." Ta ajiye, ta faɗa, yarinya na bin littafi da yatsa, ba a sami bambancin ko sisi ba.

Maman Biyu ce ta kawo shawarar a riƙa ware wani kaso daga duk abin da ya shigo, kada a cinye shi a anko da girkin biki. Da damina ta yi nisa a shekarar, cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, daga Kaciya zuwa Jaba har Jama'a, ganye ya yi ruwan ɗorawa, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Matan zumunta da yawa da citta suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Daga wancan kason aka ba su rance ba ruwa, wata ta kama sayar da gawayi, wata ta sari manja.

Da lokacin zaɓe ya zo, malamar nan ce ta fara ɗaga hannu ta gabatar da sunan Maman Biyu. A takardar banki kuwa ba ta dangwala yatsa ba, da alƙalami ta sa hannu.