HAƘƘIN ABOKIN TAFIYA A CIKIN JIRGIN SAMA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar wannan mako ita ce: mutum ya shiga jirgin sama, an zaunar da shi kusa da wani, sun yi awa goma ko fiye kafaɗa da kafaɗa, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, kuma da wuya su sake haɗuwa. Shin wannan baƙo yana da wani haƙƙi a kansa? In kuwa yana da shi, daga ina haƙƙin ya samo asali?

Mutanen da ba su da bukatar yin wannan tambaya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna tafiya ne a ayari, da madugu da jagaba, su yi watanni suna sauka zango ɗaya. Maniyyatan da ke nufin Makka da ƙafa sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur, su ratsa Sudan har Sawakin, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. A irin wannan tafiya kowa rayuwarsa na rataye ga ɗan'uwansa. Wanda ya hana abokinsa ruwa yau, gobe shi za a hana. Wanda ya yi rowa a zango, labarinsa zai riga shi komawa gida. Watau bukata da jin kunya su suka tsare zumuncin ayari, ko da ga wanda tsoron Allah bai ishe shi ba.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin 1925, kuma tun daga 1970 aka shiga ɗaukar mutane ɗari uku ko ɗari huɗu a cikin manyan jirage irin Boeing 747. Tsakanin Kano da Jidda kilomita wajen 3,400 ne, jirgi kan cinye su cikin abin da bai kai awa biyar ba. Daga Ikko zuwa Amurka ana yin fiye da awa goma ba tare da an sauka ba, daga Singafo zuwa Niyok kuwa wajen awa goma sha takwas. Abinci ana kawo wa kowa nasa a ɗan faranti, ruwa ma haka, hanya kuma matuƙi ne ya san ta. Babu wanda ke bukatar na kusa da shi, babu kuma wanda zai kai labarin wani gida. Abubuwan nan biyu da suka riƙe ayari duka sun kau.

Sai dai kafin a ce ladubban tafiya sun tafi tare da ayari, ya kamata a duba yadda shari'a ta ɗauki wannan sabuwar tafiya. Allah ya yi wa matafiyi rangwamen yin ƙasaru, kamar yadda ya zo a aya ta 101 ta Suratun Nisa'i, da rangwamen ajiye azumi a rama daga baya, a aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara. A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru buridi huɗu ne, watau mil 48, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yakan shafe wannan nisa cikin 'yan mintoci, amma malamai ba su ce rangwamen ya faɗi ba. Dalilinsu shi ne, masana usulu sun rarrabe tsakanin illar hukunci da hikimarsa. Illar ƙasaru ita ce tafiyar kanta, domin abu ne da ake iya aunawa. Hikimarsa kuwa ita ce ɗauke wahala, wahala kuma ba ta da ma'auni ɗaya, abin da ya gajiyar da tsoho ba ya gajiyar da saurayi. Saboda haka fasinjan jirgi matafiyi ne cikakke a wurin shari'a. To, wanda ya karɓi rangwamen matafiyi, da wane dalili zai ƙi karɓar nauyin matafiyi?

Wahalar ma ba ta gushe ba, kamanninta ne suka sauya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, hadisin da ya kamanta tafiya da wani yanki na azaba, saboda tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi zai shaida haka: kujera matsattsiya, busasshiyar iska, ƙafafu su kumbura, kunne ya toshe, jariri na kuka, a yi ta layi a ƙofar makewayi, rana ta fito alhali jiki na cewa tsakar dare ne. A irin wannan hali haƙuri ke ƙarewa, abin da ke cikin zuciya ya fito fili.

Tushen haƙƙin abokin tafiya yana cikin aya ta 36 ta Suratun Nisa'i. A can Allah ya yi umarni da a bauta masa shi kaɗai, sa'an nan ya jero waɗanda za a kyautata wa: iyaye, da dangi, da marayu, da miskinai, da maƙwabci na kusa, da maƙwabci na nesa, da abokin da ke gefen mutum, da ɗan hanya. Imamu Ɗabari ya kawo saɓanin magabata a kan ko wane ne abokin da ke gefe. Wasu sun ce matar aure ce, wasu kuma, cikinsu har da Ibn Abbas da Mujahid, sun ce abokin tafiya ne. Abin lura shi ne ayar ba ta gindaya sharaɗin sanayya ba, ba ta gindaya na addini ɗaya ko harshe ɗaya ba, ba ta kuma faɗi tsawon lokacin da za a yi tare ba. Kasancewarsa a gefe kawai ya isa. Ashe ke nan haƙƙin bai dogara ga bukata ko jin kunya ba tun farko, umarnin Allah ne ya tsayar da shi, kuma umarnin nan yana nan a ayari, yana nan a jirgi.

Daga nan za a gane cewa doguwar tafiyar jirgi jarrabawa ce da ta fi ta ayari tsanani ta wata fuska. A gida mutum kan kyautata wa maƙwabci, amma shi kansa ba zai iya tantancewa ba ko don Allah ya yi, ko don a ce da shi mutumin kirki, ko don ya san wata rana zai je aron tsani. Niyyoyin sun cakuɗe. A cikin jirgi kuwa, tsakanin mutanen da ba su san ubansa ba, babu yabo, babu ramuwa. Abin da ya yi a nan shi ne ainihin halinsa, Hausawa kuma sun ce hali zanen dutse. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya ware babi guda na ladubban tafiya a cikin Ihya'u, inda ya nuna cewa kalmar safar ta Larabci daga ma'anar yaye lulluɓi take, domin tafiya tana yaye lulluɓin ɗabi'u. An kuma ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon amincin wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko sun taɓa yin hulɗar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba tukuna.

Mai jayayya zai iya cewa: fasinja kuɗinsa ya biya, yarjejeniyarsa da kamfani take, akwai ma'aikatan da ake biya albashi don su yi hidima, don me za a ɗora masa nauyin wani? Akwai gaskiya a cikin maganarsa. Kujerar da ya biya tasa ce, babu alƙalin da zai hukunta shi don ya ƙi musanya ta, kuma kame baki da barin mutane su huta shi ma ladabi ne. Amma shari'a matakai biyu gare ta, adalci da ihsani. Tikiti yana iya fayyace adalci, ya ce wannan kujera ta wane ce, kaya kilo kaza aka yarda a ɗauka. Ba ya iya cewa komai game da tsohuwar da ta fito daga ƙauye, ba ta jin Turanci, ba ta san yadda ake ɗaura ɗamarar kujera ba, tana jin kunyar tambayar inda makewayi yake, ga takardar shiga ƙasa an miƙo mata alhali ba ta karatu. Ma'aikata kaɗan ne, fasinja ɗaruruwa. Wanda ke gefenta shi ne ya gan ta, wanda ya gani kuwa shi nauyin ya hau.

Anas ɗan Malik ya ba da labarin wata tafiya da sahabbai suka yi tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ranar tsananin zafi, wasu na azumi wasu ba sa yi. Da aka sauka, masu azumi suka zube don gajiya, waɗanda ba sa yi suka tashi suka kafa tantuna, suka shayar da dabbobi. Sai Annabi ya bayyana cewa marasa azumin su suka kwashe ladan wannan rana. Buhari da Muslim duka sun kawo shi. Darasin a fili yake: a halin tafiya hidimar abokai ibada ce babba. A jirgi wannan hidima ƙanana ce, amma tana da yawa. Mutum ya taya mai rauni ɗora jaka, ya bar wa uwa kujera don ta zauna kusa da ɗanta, ya waiwaya kafin ya kwantar da kujerarsa a kan mai cin abinci, ya bar makewayi da tsabta bayan ya yi alwala, ya sassauta murya sa'ad da mutane ke barci, ya yi wa ma'aikaciyar jirgi magana irin wadda zai so a yi wa 'yarsa.

Ko sha'anin salla ma yana shiga nan. Lalle salla ba ta faɗuwa a sararin sama, amma shari'a ta buɗe wa matafiyi ƙofar ƙasaru da haɗa salloli biyu, kuma in ya ji tsoron fitar lokaci sai ya yi ta gwargwadon ikonsa. Bai kamata ya tare hanyar mutane ba, ko ya miƙe tsaye bayan matuƙi ya yi umarnin kowa ya zauna saboda jirgi na girgiza. Abu Dawuda ya ruwaito umarnin cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Matuƙi shi ne madugun wannan ayari, bin umarninsa a kan abin da ya shafi tsaron rayuka wajibi ne.

Sai dai kyautatawa tana da iyaka, domin ihsani ba wauta ba ne. Wanda baƙo ya tare shi a filin jirgi, ya roƙe shi ya riƙe masa ƙunshi ko jaka zuwa wata ƙasa, lalle ya ƙi, ko da an haɗa shi da Allah. Mutane sun shiga kurkuku a ƙasashen waje ta wannan hanya, akwai kuma ƙasashen da hukuncin shigo da miyagun ƙwayoyi a cikinsu kisa ne, Saudiyya na daga ciki. Ƙin karɓar abin da ba a san cikinsa ba bai saɓa wa haƙƙin abokin tafiya ba. Haka nan ɓoye abin da aka hana shiga da shi jirgi cin amanar duk waɗanda ke ciki ne, domin haɗarinsa a kansu duka yake.

Wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tuna. An ce fasinjoji ba sa bukatar juna, amma makomarsu ɗaya ce. Suna rataye ne a nisan mita dubu goma daga ƙasa, sanyin da ke wajen taga kuma yana iya kashe mutum. Labule ya raba masu kujerun gaba da na baya, amma fikafikan da ke ɗauke da su guda ne. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani ya faɗi a Jidda jim kaɗan bayan tashinsa zuwa Sakkwato, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ji ƙansu. Irin wannan haɗari bai cika aukuwa ba in aka dubi yawan jiragen da ke tashi kullum, amma yana tunatar da cewa baƙon da ke gefe mai yiwuwa ne shi ne fuskar ƙarshe da mutum zai gani a duniya, abin da ya yi masa kuma shi ne aikin da za a rufe littafinsa da shi.

A aya ta 65 ta Suratul Ankabut Allah ya zargi masu kiransa da tsarkin zuciya sa'ad da suke cikin jirgin ruwa, da ya kuɓutar da su zuwa tudu sai su koma ga shirkarsu. Ko da yake a kan mushirikai ayar ta sauka, akwai gargaɗi a cikinta ga kowa. Sau da yawa jirgi kan girgiza a ji salati ta ko'ina, amma da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, tun bai gama tsayawa ba, sai a miƙe ana ture tsofaffi don a riga fita, kamar ba su ne masu addu'a ɗazu ba. Godiyar sauka lafiya tana farawa ne daga haƙurin minti biyar ɗin nan.

Allah ya kai matafiya masaukinsu lafiya, ya mayar da su ga iyalansu lafiya, ya sa abokan tafiyarsu su zama masu yi musu kyakkyawar shaida ranar gobe ƙiyama. Amin.