Macijin da Aka Gani Cikin Gida: Hukuncinsa da Hanyar Gane Mai Dafi

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin dukan mai rai, Wanda bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, ina yi muku wasiyya da ni kaina da tsoron Allah. Ku sani damana ta kankama, haki ya rufe hanyoyi, ruwa ya cika ramu, abin da ke cikinsu ya fito neman busasshen wuri. Daga yanzu har a gama girbi a kai hatsi rumbu, lokacin saran maciji ne, wanda muke sakaya sunansa da dare mu ce igiyar ƙasa. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa saransa na kashe mutum 81.000 zuwa 138.000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Mafi yawan waɗanda abin ke shafa manoma ne da makiyaya da yara, wato irin mutanen da ke cika sahun masallatanmu.

Mutane sun kasu biyu game da macijin gida. Wasu suna cewa mai gida ne, ba a taɓa shi, har a ajiye masa nono don neman yardarsa, wannan kuwa ragowar al'adar bori ce, musulmi ba ya kusantarta. Wasu kuma da an ce maciji sai su afka masa cikin duhu da guntun itace. Shari'a ta bi tsakiya, ta ce a sani kafin a aikata.

Imam Malik cikin Muwaɗɗa da Imam Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, Allah Ya yarda da shi, labarin wani saurayi ango a lokacin yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. Ya nemi izini ya koma gida, ya tarar da amaryarsa tsaye bakin ƙofa. Da ya shiga sai ga babban maciji naɗe bisa shimfiɗa. Ya soke shi da mashi, macijin ya murɗo kansa, har ba a san wanda ya riga mutuwa cikinsu ba. Sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa a Madina akwai aljannu da suka musulunta, ya yi umurni a yi wa macijin gida gargaɗi kwana uku, in ya sake bayyana a kashe shi.

Ibnu Abi Zaid ya bayyana cikin Risala cewa wannan gargaɗi ya zo ne game da Madina, yin sa a wani gari abu ne mai kyau, amma a daji babu gargaɗi. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an togace iri biyu, mai zane biyu a baya da mai guntun wutsiya, ana kashe su ko cikin gida ne saboda tsananin cutarsu. Har mai salla an yi masa izini ya kashe maciji da kunama, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. To tunda shari'a ta bambanta maciji da maciji, ya kamaci magidanci ya san waɗanda ke kewaye da gidansa.

Ta farko kububuwa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, launinta na ƙasa da ɗigo-ɗigo masu haske. In ta ji motsi takan naɗe ta goga jikinta da jikinta, a ji wani sauti kamar ruwa ya zuba a garwashi. Da dare take yawo, musamman bayan ruwa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya kwana yana hira, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi, ta hanci, ta fitsari. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da gobe da nisa.

Ta biyu kasa. Kakkaura ce, gajeruwa, mai faɗin kai, da zane mai kusurwa jere a bayanta. Barcinta da ake karin magana da shi shi ne haɗarinta, domin ba ta gudu, tana kwance cikin kara ko bakin turba har a taka ta. Takan yi huci mai ƙarfi. Saranta na kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama, har ya kai ga yanke ƙafa.

Ta uku gamsheƙa, da ɗan'uwanta kumurci. Dogaye ne, sukan ɗaga kai su fasa wuya. Gamsheƙa tana feshin dafi cikin ido daga nisan metir 2, kuma tana shiga gida da dare neman ƙwai da ƴan tsaki da ɓeraye da kwaɗi, har ta sari mai barci a ƙasa. Wanda ta fesa wa, a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, kada a murza, a kai shi likita.

Mesa ba ta da dafi, ko da yake tana cizo kuma tana haɗiye kaji da ƴan awaki. Akwai kuma siraran macizai masu saurin gudu, irin tsadaraki, waɗanda ke rage mana ɓeraye. Irin waɗannan a buɗe musu hanya su fita. Amma launi kaɗai ba hujja ba ne, kuma duhu na ruɗin ido. Wanda ba a gane ba, a ɗauke shi mai dafi ne. A fitar da yara, a ja da baya, a kawo fitila. Mai dafin da aka gani cikin ɗakin iyali, babu laifi ga wanda ya kashe shi ba tare da jira ba, da sharaɗin babban mutum ne da doguwar sanda. Kada a cinna masa wuta, an hana azabtarwa da wuta. Kada a kama kansa ko bayan ya mutu, domin yana iya sara.

Idan ƙaddara ta auku, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire zobe da awarwaro, a ɗaura wa gaɓar kara ko itace don kada ta motsa, kamar yadda ake wa karaya, a ɗauke shi zuwa likita nan take, da amalanke ko babur ko mota. Kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse ko farautar macijin. A likita ana ɗibar jini a ajiye cikin kwalba minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai a yi allurar da ke karya shi.

Wani zai ce: ai wane an sare shi, gardi ya ba shi magani ya tashi. Amsa ita ce, sau da yawa maciji na sara bai zuba dafi ba, wani kuma ba shi da dafin tun asali. A nan mai magani ke samun suna. Ranar da kububuwa ta zuba nata, a hannunsa ake rasa mutum.

Addu'a gaskiya ce. Sahabbai sun yi wa wani shugaban ƙabila tofi da Fatiha ya warke, Annabi ya tabbatar da su a kai. Ya kuma koya mana neman tsari da cikakkun kalmomin Allah kowane maraice. Amma shi ne dai ya umurce mu da neman magani, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Saboda haka a yi tofin ana kan hanya. Uban da ya tsare ɗansa a gida kwana biyu yana jiran ya ga abin da Allah zai yi, alhali yana da ikon kai shi, za a tambaye shi wannan amana. Maƙwabta kuma su taimaka da abin hawa da kuɗin allura, domin ceton rai wajibi ne a kan jama'a.

Daga ƙarshe, ku share gidajenku. Ku nisantar da tarin kara da itace da tubali daga ɗakin kwana, ku toshe ramun ɓera, ku raba akurki da makwancin yara. Ku kwana cikin gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Mai fitowa sallar asuba da ta lisha ya riƙe tocila ya sa takalmi, kuma a zazzage tabarmin masallaci kafin a shimfiɗa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin abin da Ya halitta, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damana mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.