Haƙƙin Maƙwabci A Unguwar Da Ba A Jin Kiran Salla

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, wani ɗan'uwa ya aiko mana da takarda daga arewacin Ingila, inda aikin asibiti ya kai shi da iyalinsa. Ya ce yana zaune a wata unguwa a gefen birnin Lids, gidaje a jere, kowane gini an raba shi gida biyu da bango guda a tsakani, ga ɗan lambu a gaba da baya. Ba hayaniya, ba mai talla, ba mai yi maka sallama. Da farko ya ji daɗin shirun. Amma yau shekararsa biyu ke nan bai ji ladan ba sai a cikin masallaci, sallar Asuba tana kuɓuce masa, kuma wata tsohuwa Baturiya da bango ya raba su, ko sunanta bai sani ba. Ya tambaya, shin yana da laifi wurin Allah game da wannan tsohuwa, tun da ba Musulma ba ce?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ake magana a kai. A biranen arewacin Ingila, irin su Mancesta da Lids da Biradfod da Shefil, Musulmi suna da yawa. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna akwai Musulmi wajen miliyan 3.9 a Ingila da Wales, a gundumar Biradfod kuwa sun kai kashi 30 cikin ɗari. Sai dai galibinsu sun taru ne a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari, inda masallatai da mahauta suke. Wanda hali ya kai shi unguwannin gefen gari, sau da yawa shi kaɗai ne mai salla a layinsu.

To, shirun irin wannan unguwa ni'ima ce, kuma jarrabawa ce. Ni'ima ce domin mai son karatun Alƙur'ani da tsayuwar dare ba abin da zai ɗauke masa hankali. Jarrabawa ce domin duk abin da jama'a take ɗauke wa mutum a gida ya dawo wuyansa. A watan Yuni yini yakan kai sa'o'i 17 a can, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, alfijir kuwa ya keto mutum bai gama barcin farko ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su riski mutum yana wurin aiki. Saboda haka lalle ne maigida ya zama ladanin gidansa. Ya karɓo jadawalin lokuta daga masallacin da ya amince da malamansa, ya kira salla a ɗakinsa da murya madaidaiciya, ya ja iyalinsa jam'i, kada kuma nisa ya sa ya saki Juma'a. Yaron da ya tashi bai ga ubansa yana kiran salla ba, wa zai koya masa?

Sai mu koma kan tsohuwa. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, Allah Maɗaukakin Sarki ya haɗa umurnin kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da umurnin bauta masa da kyautata wa iyaye. Imamu Ƙurɗubi ya bayyana a tafsirinsa cewa wannan wasiyya ta game Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci, har ya zaci za a ba maƙwabci gado. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta tambaya wanne za ta fara yi wa kyauta cikin maƙwabtanta biyu, aka ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. An kuma ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amru, da ya shigo abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Malamai sun ce maƙwabta iri uku ne: mai haƙƙi uku, watau Musulmi ɗan'uwa na jini, mai haƙƙi biyu, watau Musulmi, da mai haƙƙi ɗaya, watau wanda ba Musulmi ba. Wannan haƙƙi guda bai faɗi ba don an ƙetare teku.

Haƙƙin ma ya fi nauyi a can. Ƙidayar da muka ambata ta nuna kusan gida uku cikin kowane goma mutum ɗaya ne tal a ciki, da yawansu tsofaffi. Kaɗaici ya dami ƙasar har a shekarar 2018 gwamnati ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da shi. Tsohuwa tana iya faɗuwa a ɗakinta ta kwana a ƙasa, Musulmi yana bayan bango yana lazimi bai sani ba. Me zai ce ranar da za a tambaye shi?

Sai dai a kula, kowane gari da irin gaisuwarsa. Mutanen can ba su son a faɗo musu gida ba sanarwa. A fara da gaisuwa ta kan shinge. Ran kwasar shara ka fitar mata da kwandonta. In ƙanƙara ta zuba ka share mata hanya. Ran Salla a kai mata abinci, bayan an tambayi abin da take iya ci. Ka ba ta lambar wayarka saboda larurar dare. In ka ga labulenta a rufe har hantsi saɓanin yadda ta saba, ka ƙwanƙwasa. Kame cuta kuwa shi ne farkon kyautatawa: kada baƙinka su tare mata ƙofa da mota, kada hayaniyar suna ko walima ta hana ta barci.

Kada wani ya raina wannan. A birnin Libaful, wani lauya Bature da ya musulunta, Abdullahi Kwiliyam, ya buɗe masallaci a shekarar 1889, shi ne kuma ya zo Ikko a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta Bey. An jefi masallacinsa da duwatsu, amma bai fasa ciyar da matalautan gari ba. A watan Yuli na shekarar 2024, da ƙarya ta bazu bayan kisan wasu yara mata uku a garin Sawuspot, 'yan tarzoma suka auka wa masallacin garin. Da gari ya waye, mutanen unguwa, galibinsu ba Musulmi ba, su ne suka fito da tsintsiya da bulo suka gyara bangon. Kwanaki kaɗan bayan haka, masu zanga-zanga suka taru a ƙofar masallacin Kwiliyam, Musulmi suka fito musu da abinci, aka yi hira, aka watse lafiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka amsarmu ga ɗan'uwa ita ce, abin da ya wuce bisa rashin sani sai istigfari, amma daga yau hujja ta hau kanka. Kada mako ya ƙare ba ka san sunan maƙwabciyarka ba. Mu ma da ke zaune a sababbin unguwanni masu dogayen katangu da maigadi a ƙofa, mu tambayi kanmu wannan tambaya.

Allah ya ba mu ikon tsai da salla a kan lokacinta, ya sa maƙwabtanmu su kuɓuta daga cutarmu, su amfana da alherinmu. Allah ne mafi sani.