Azumi da Amanar Hankali

Dattijo mai ciwon sukari da ke tsaye a shagonsa a Oloumi, unguwar kasuwanci ta Libreville, yakan ɗauki jiri da rawar jikin la'asar a matsayin ƙarin ladan azumi. Wannan fahimta na buƙatar gyara. Da sukarin jini ƙwaƙwalwa take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiye shi. Binciken da mujallar JAMA ta buga a 2009, kan tsofaffi 16,667 masu ciwon a Kalifoniya, ya gano cewa wanda faɗuwar sukari ta kai shi asibiti sau ɗaya, haɗarin rikicewar ƙwaƙwalwarsa ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari. Sau uku ko fiye, ya kusa ninkawa.

Za a ce alaƙa kawai aka nuna, ba a tabbatar da sababi ba. Haka ne, amma fiƙihun Malikiyya bai sharɗanta yaƙini kafin rangwame ba: tsoron ƙaruwar ciwo ya halatta buɗe baki, tsoron halaka kuwa ya wajabta shi. Hankali na cikin abubuwa biyar da Ghazali ya ce shari'a ta zo don kare su, kuma a kansa aka ɗora wajabcin azumin kansa. Likitoci sun ce idan ma'aunin sukarin jini ya sauka ƙasa da 70, a buɗe baki nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba.