Muryar Aro

Shekara uku na yi ina kallon Dakta House ban taɓa jin muryarsa ba. Kamar yawancinmu a nan, da Faransanci na san shi: bakin wani ke motsi, muryar wani ke fitowa. Sai da na shigo jami'a a Yamai na fara karatun kimiyyar harshe, wani abokina ya kawo mana fim ɗin a fada da Ingilishinsa na asali. Muna kallo muna shan shayi, ni kuwa ina ta burga. Na ce musu ku saurara da kyau, wannan shi ne Ingilishin Amurka tsantsa, ku ji yadda yake tauna r. Da kashin ya ƙare abokin nan bai ce mini uffan ba, sai ya buɗe wata hira da aka yi da ɗan wasan, Hugh Laurie. Mutumin dai shi ne, fuskar ita ce, amma Ingilishin Ingila ke zuba daga bakinsa. Ashe a Oksfod aka haife shi. Ƴan fada suka kwashe da dariya, har yau wasu Malam Tsantsa suke ce mini.

Dariya ta wuce, amma wani abu ya tsaya mini a rai. Ji na yi kamar an cuce ni. Shi ya sa na kawo muku tambayar a nan, ƴan uwa: mutumin nan ƙarya ya yi mini? In kuwa ba ƙarya ba ce, mi ya sa na ji haushi?

Da farko dai ba ni kaɗai na faɗa ramin ba. Laurie yana Namibiya wajen ɗaukar wani fim ya naɗi gwajinsa a banɗakin otel ya aika. Bryan Singer, wanda ya ba da umarnin kashi na farko, shi kansa Ba'amurke, ya kalli faifan ya ɗauka ɗan ƙasarsu ne. Aka yi ta nuna shirin daga 2004 har 2012. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Christian Bale da ya fito a Batman tun 2005, a Wels aka haife shi. Daniel Day-Lewis, ɗan Landan, ya fito a matsayin shugaba Abraham Lincoln a 2012 har ya ci kyautar Oscar. Tun 1939 ma Vivien Leigh, ƴar Birtaniya, ta fito a matsayin ƴar kudancin Amurka a Gone with the Wind.

Yaya suke yi? Ba tsafi ba ne, aikin harshe ne da leɓe, irin wanda muke zanawa a allo a darasin furuci. Babban abu shi ne r da ke bayan wasali. A kalmomi kamar car da hard, mutumin Landan ba ya furta r ɗin, jan wasalin kawai yake yi. Yawancin Amurkawa kuwa sai sun tanƙwasa harshe sun fito da ita. Na biyu, t da ke tsakanin wasula biyu, kamar a water: Ba'amurke kan kaɗa kan harshe sau ɗaya a hanƙa, har ta yi kama da r ɗinmu ta Hausa. Na uku wasula, irin na bath da dance, waɗanda ɗan kudancin Ingila ke furtawa daga can baya, Ba'amurke kuwa daga gaba. Sannan ga karin magana, inda murya ke hawa da inda take sauka. Akwai kuma tarko. Mutumin Landan da ba ya furta r a car, shi ne kuma zai cusa ta inda babu ita, kamar tsakanin idea da of. Ɗan wasa ya yi sakaci sau ɗaya, asiri ya tonu. Don haka akwai masu horar da lafazi da ke zaune wajen ɗaukar fim, ba abin da suke yi sai sauraro da gyara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarihin wannan r. Lokacin da Ingilishi ya tsallaka teku zuwa Amurka a ƙarni na 17, mutanen Ingila suna furta ta. Daga baya ne Landan ta yar da ita, wajen ƙarni na 18, har rashinta ya zama alamar manyan mutane. Ke nan ɗan wasan Birtaniya da ke wahalar koyon r, abin da kakanninsa suka zubar ne yake tsinta. A Niyok kuwa, William Labov ya shiga manyan kantuna uku a 1962, yana yi wa ma'aikata tambayar da amsarta ita ce fourth floor. Ya tarar a kantin masu kuɗi an fi furta r, a na talakawa an fi barin ta. Ku duba fa: sauti ɗaya, a Landan barinsa ne girma, a Niyok furta shi ne girma. Babu sautin da aka haifa da rawani. Mutane ne ke naɗa shi.

Sau da yawa akan ce ƴan Birtaniya sun fi Amurkawa iya wannan aro, a kawo misalin Dick Van Dyke, wanda ya kwaikwayi talakan Landan a Mary Poppins a 1964 aka yi shekaru ana yi masa dariya. Ni ban yarda baiwa ce ta jini ba. Yaron Birtaniya da finafinan Amurka da waƙoƙinta yake tashi, kunnensa ya jiƙu tun kafin ya shiga makarantar wasa. Sannan kuɗin da manyan ayyukan a Holiwud suke. Mai nema shi ke koyon harshen mai bayarwa. In kana son sanin inda ƙarfi yake, duba wa ke kwaikwayon wa.

To, mu koma ga tambayarmu. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba, alhali ya ba ka amanar kunnensa. Fim kuwa da yarjejeniya ake shigarsa. Idan kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta, to ko ta yi muryar kura ko ta gizo ba wanda zai ce tsohuwa ta yi ƙarya. Da na binciki haushina sai na ga abin dariya. Na yarda Laurie ba likita ba ne. Na yarda ƙafarsa lafiya lau, ɗingishin na wasa ne. Duk wannan bai dame ni ba. Murya kaɗai ce na ƙi yarda a ara. Mi ya sa? Don can cikin zuciyata na ɗauka lafazi kamar jini ne, shi ne shaidar da ba a iya ƙirƙira. Laurie bai cuce ni ba. Imanin da na yi da kunnena ne ya cuce ni.

Amma akwai inda yarjejeniyar ke ƙarewa, kuma labarin Idris Elba ya nuna wurin. A gabashin Landan aka haife shi, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa ƴar Gana. Da ya je neman aiki a shirin The Wire, wanda aka fara a 2002 a kan birnin Baltimore, an ba shi shawara ya ɓoye asalinsa don masu shirin Amurkawa suke so. Ya yi ta zuwa gwaji da lafazin Amurka, ba a cikin wasa kaɗai ba, har a gaisuwa. A gwaji na huɗu aka dube shi aka tambaye shi daga ina yake. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a nan ya tuna tarbiyyar iyayensa, ya faɗi gaskiya. Aka ba shi matsayin Stringer Bell. Lafazin bai canza ba tsakanin wasan da gaisuwar. Abin da ya canza shi ne a wasa kowa ya san wasa ne, a gaisuwa kuwa mutum ne ke tambayar mutum. Ƙarya ba a harshe take zaune ba, a tsakanin mutane biyu take.

Saura tambaya mai nauyi. A 2017, bayan fitowar Get Out, fim a kan wariyar launin fata a Amurka, Samuel L. Jackson ya yi ƙorafi a wata hira ta rediyo. Jarumin fim ɗin, Daniel Kaluuya, ɗan Landan ne, iyayensa ƴan Yuganda. Jackson ya tambaya yaya fim ɗin zai kasance da a ce baƙar fatar Amurka ne, wanda ya tashi cikin abin, ya yi shi. Kuma ba Kaluuya kaɗai ake nufi ba. Chiwetel Ejiofor ne ya fito a matsayin Solomon Northup, wanda aka sace aka sayar bawa, a 12 Years a Slave na 2013. David Oyelowo ne Martin Luther King a Selma na 2014. Dukansu ƴan Birtaniya, iyayensu daga Najeriya. Kaluuya ya mai da martani cewa shi ma ya sha wariya a Ingila, kuma yana jin zafin a ce sai ya kawo shaidar baƙin fatarsa.

Na daɗe ina juya maganar nan. Jackson yana da gaskiya a abu ɗaya: lafazi ba tarihi ba ne. Lafazin baƙaƙen Amurka ya bi ta gonakin auduga da coci-coci da unguwannin da aka ware, an hana mutane aiki da gidan haya saboda shi. Wanda ya koye shi a wata shida ya sami sautin, bai biya kuɗin da masu shi suka biya ba, kuma in an gama ɗauka zai tuɓe shi ya koma gida. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma in muka ce sai wanda ya rayu cikin abu ne zai nuna shi, to wasan kwaikwayo ya mutu, don babu mai rai a yau da aka sayar a kasuwar bayi ta Amurka. Ni a ganina aro halas ne, amma yana da sharaɗi, kamar kowane aro: ka san mai kayan, kada ka yi wasa da su, kada ka ce naka ne. Kaluuya da zai fito a matsayin Fred Hampton, matashin da ƴan sanda suka kashe a Chicago a 1969 yana da shekara 21, sai da ya je ya zauna da iyalin mamacin. Wannan fim ne ya ba shi Oscar a 2021. Ba kyautar ce hujjata ba, zaman ne.

Da na zo nan a tunanina sai na ga ba ni da bakin tuhumar kowa. Ni ɗan Adar ne, a Tawa na tashi. A gida mi muke cewa, da shina zuwa, da na tahi. A shekarata ta farko a jami'a aka yi mini dariya sau biyu, sai na shiga gyara bakina ya koma irin na finafinan Kano. Ba mai horarwa, ba albashi, kuma wallahi na iya. Ran nan na kira Inna, muna cikin magana na ce mata me kika ce. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Wanga Bakano hwa, ina ya kai mini ɗana?" Da dariya ta faɗa, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Laurie ya ari murya don sana'a, ya san ranar mayarwa. Ni na ara don kunya, kuma ban yi niyyar mayarwa ba. Mafi muni, na riga na shiga sahun masu yi wa sababbin zuwa dariya.

Ba cewa nake kada mu koyi Kananci ko Faransancin Faris ko Ingilishin Amurka ba. Kowa da kwaikwayo ya fara magana, har lafazin gidanmu a bakin uwa muka are shi. A koya, a ƙware, harshe ba ya cika. Abin da ƴan wasan nan suka koya mini shi ne in har ɗan Oksfod zai iya ruɗin kunnen Ba'amurke shekara takwas, to kunne ba alƙali ba ne. Bai isa ya gaya mini wane ne mai ilimi, wane ne baƙauye, wane ne namu ba. In sabon ɗalibi ya buɗe baki gobe a aji kuka ji ƙauyensu ya fito, kafin ku yi dariya ku tuna da r ta Landan da ta Niyok.

Ni dai na koma kiran Inna da bakin da ta ba ni. Kuma in kun lura, a takardar nan mi na rubuta, da gangan.