Amin Ɗin da Ya Maƙale Mini

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, nakan fito da kekena daga Birnin Kebbi in nufi wajen Argungu. Ba na bin babban titi. Da na wuce Gwadangaji sai in saki kwalta in faɗa hanyoyin burji da ke ratsa ƙauyukan bakin fadama, inda ƙasa ke hawa tana sauka tsakanin tudun marmara da gangaren da ke kai mutum gonakin shinkafa. A mota, tafiyar Argungu ba ta cin awa guda. Ni kuwa nakan cinye rabin yini, wani sa'in ma ban isa ba nake juyowa.

Aikina rubuta manhaja ne. Kwana biyar ina zaune gaban kwamfuta, baya ya ƙage, ido ya yi ja. Saboda haka babu abin da ke wanke mini kai kamar ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, da sanyin hunturu yana tasowa daga gulbin Rima, da balbelu suna bin garken shanu. Sai in yi awa guda ban haɗu da mota ko ɗaya ba.

Waɗannan hanyoyi ba da ka na same su ba. Akwai taswirar intanet mai suna OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa, kuma a cikinta akan rubuta ko hanya ta kwalta ce ko ta ƙasa. Na ɗauko bayanan, na ɗora musu dabarar nemo hanya mafi sauƙi wadda Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya wallafa a 1959. Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya san ta. Abin da ba a cika nanata mana a aji ba shi ne, kwamfuta ba ta san hanya mai kyau ba, lamba kawai ta sani. Mai rubuta manhaja ne ke ɗora wa kowane yanki na hanya nauyi, ita kuma ta zaɓi inda jimillar ta fi ƙanƙanta. Manhajojin direbobi suna nauyaya burji don a guje shi. Ni sai na juya lissafin: na nauyaya kwalta, na sauƙaƙa burji. Na ji daɗin wayona ƙwarai.

Wata Asabar, can gaba da Ambursa, ƙaya ta huda mini tayar baya. Ina zaune gindin wani gawo ina faci sai ga wani dattijo yana turo tsohon keke Finis, da buhun shanshera ɗaure a kariya. Hawan ya fi ƙarfin feda, shi ya sa ya sauka. Ya jingine keken, muka gaisa.

"Ɗana, ina zuwa haka?"

"Babu inda za ni, Baba. Motsa jiki nake."

Ya dubi hular kwanona, ya dubi keken. "Ba ka da babur?"

"Ina da mota ma, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya karɓi tayar daga hannuna, ya shafa cikinta da yatsa, ya zaro ragowar ƙayar da ban gani ba. Muna hira ya gaya mini yadda hanyar take da damina: rafi ya yanke ta, mota ba ta shigowa, mai naƙuda sai a amalanke. Masu sayen shinkafa kuma in sun shigo sai su karya farashi, su ce kuɗin mota ne. Da zai tashi ya ce, "An ce bana za a sa muna kwalta. Allah shi sa da gaske ne."

Na ce amin. Amma ni na san sai da ya maƙale mini a maƙogwaro kafin ya fito. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne: shi ke nan, hanyata ta tafi.

Wannan 'yar maƙalewar ce ta hana ni sakat. Shirun da nake baro gari don in sha, rashin mota ne. Rashin motar nan kuwa shi ne amalanken mai naƙuda. Abu guda ne, ni ina kiransa hutu, shi yana kiransa wahala. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a 2015, aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017, sunan jihar ya zaga ƙasa. Duk da haka sai buhu ya fara fita daga gona, kuma a nan bisa keken dattijo yake fita.

Na nemi mafaka. Na tuna cewa a yankin Tuskani na Italiya, tun 1997 ake wani gangamin masu keke mai suna L'Eroica, kuma cikin manufofinsa har da kare fararen hanyoyinsu na tsakuwa kada a malale su da kwalta. To in su sun mai da burji abin gado, ni mene ne laifina? Sai dai kwatancen bai zauna ba. Mutumin can da ke roƙon a bar masa tsakuwa yana da titi a kusa, da motar asibiti da za ta iso ƙofarsa. Burjinsa zaɓi ne. Wanda ya ƙoshi ne ke yabon azumin nafila.

Na sake neman wata. Ai kwalta ma tana da nata sharrin: gudu ya ƙaru, a buge akuya, a buge yaro, mai keke a ture shi gefen rami. Duk wanda ya bi titin Argungu ranar kasuwa ya san ba ƙarya na yi ba. Amma yaushe wannan tausayin ya zo mini? Bayan na ji za a taɓa hanyata. A wurin aiki muna da irin wannan ha'incin: mutum ya rubuta manhaja, ya ga amsar da ta bayar, sannan ya tsara gwajin da zai ce amsar daidai ce. Hujjar gaskiya ce, amma hayarta na yi. Kuma in da mai ikon auna gudun mota da amalanke, to wanda jikansa ke wasa a bakin hanyar ne, shi kuwa ya riga ya faɗi abin da yake so.

Ban yarda cewa jin daɗin kansa laifi ne ba. Tayata ba ta haƙa rami, kuma in na daina zuwa babu buhun da zai rage nauyi. Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da jin daɗi ya koma fata, na fara son abin ya dawwama yadda yake. Wani zai ce fatan zuci wa ya taɓa cutarwa? Da ni ba kowa ba ne, da haka ne. Amma ire-irena ne ke riƙe da waya mai data, mu ke rubutu a Facebook, mu ke zama ɗaki guda da masu tsara kasafi. Na koma na duba hotunan da na ɗora cikin shekara biyu: jan burji, giginya, rana tana ɓullowa bisa fadama, da ɗan rubutu a ƙasa kan kyawun karkara. Babu ko ɗaya na watan Agusta. Da damina ba na zuwa, saboda laka tana ɓata kaca.

Bayan mako uku na sake bin hanyar. Ban ga dattijon ba, ban kuma ga alamar masu awo ko motar aiki ba. Na gangara tudun nan da ya turo kekensa, iska tana dukan fuskata, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi kamar kullum. Da na dawo gida na buɗe fayil ɗin da na rubuta nauyin kwalta a ciki. Na daɗe ina kallon lambar, sannan aka kira azahar.