Canjin Kuɗi da Ragi: Hattara da Riba

Kin tuna Janairun 2023, da Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin ₦200, ₦500 da ₦1,000? Daga Kurfi har Dutsin-Ma mata suka fasa asusu, kowa na gudun kwasar adashi. Sai ki ga mace ta miƙa tsohuwar dubu, an ba ta ɗari takwas sabbi. To, wannan riba ce. Malamai sun ce naira da naira sai daidai wa daida, hannu da hannu, sabuwa ce ko yagaggiya. Wadda larura ta matsa, Allah Ya yafe mata. Ke kuwa da kika ci rarar, ɗari biyun nan tana wuyanki. In kin san mai ita, ki aika mata abinta, ki yi istigfari.